Tan 60 na ƙasa da muka wanke muna neman lu'ulu'u a gonar gadonmu

A watan Maris na 2022 masu haƙar rijiya suka ajiye diga a gonar gadonmu da ke wani ƙauye a ƙaramar hukumar Doguwa, kudancin Jihar Kano, suka ce ba za su ci gaba ba. Sun wuce jar ƙasa, sun wuce marmara, sai suka faɗa wata irin ƙasa rawaya mai laushi wadda ke marmashewa a hannu, a gaba ta huɗu kuma suka ci karo da dutse mai duhu, tsakanin shuɗi da kore, mai ɗigon ƙyalli a jikinsa. Mutanen yankinmu ba baƙin ma'adinai ba ne, domin Riruwai tana kusa da mu, kuma kakanninmu sun yi aikin kuza tun zamanin Turawa, amma babu wanda ya taɓa ganin irin wannan dutse. Kawunmu, ƙanen mahaifiyarmu, wanda ya yi shekara 11 yana fatauci a yankin Kono na ƙasar Saliyo, inda garin Koidu yake, ya ɗauki gutsure ɗaya ya jujjuya shi a tafin hannu, ya ja ni da Yaya gefe ya ce: "Ku yi shiru da bakinku. Irin wannan ƙasar rawaya da shuɗin dutse a ƙarƙashinta na gani a Koidu, kuma a cikinsa daimon yake zama." Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, ban san komai game da duwatsu ba a lokacin. Ina rubuta wannan ne domin wanda irin haka ta same shi ya san matakan da ke gabansa, ya kuma san wanda ake fara takawa, saboda mu mun taka su ne a birkice.

Maganar Kawu ba tatsuniya ba ce, kuma wannan ne ya sa ta kama mu. Dutsen da yake nufi sunansa kimbalait, an sa masa sunan garin Kimbali na Afirka ta Kudu, inda aka yi rububin haƙar lu'ulu'u daga 1871. Lu'ulu'u ba a cikin wannan dutse yake samuwa tun asali ba. Yana ƙulluwa ne a can ƙarƙashin ƙasa, a zurfin da ya kai kilomita 150 ko fiye, kimbalait kuwa narkakken dutse ne da ya taso da ƙarfi daga wannan zurfi ya kwaso abin da ya tarar a hanya, kamar yadda ambaliya ke kwaso tsakuwa. Idan ya daɗe a sarari ruwa da iska suna dukansa, samansa yakan ruɓe ya koma rawaya, ƙasansa ya zauna shuɗi. Abin da Kawu bai faɗa mana ba, domin shi fatake ne ba masanin duwatsu ba, shi ne cewa akwai duwatsu da dama da ke ruɓewa su ba da wannan kama.

Matakin da muka fara da shi shi ne takarda. Dokar Ma'adinai da Haƙar Ma'adinai ta 2007 ta ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasar Najeriya mallakar Gwamnatin Tarayya ne, ko da a tsakar gidanka yake, kuma ofishin rajistar filayen ma'adinai da ke Abuja ne ke ba da izini. Izinin iri-iri ne, a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Akwai izinin leƙen fili na shekara guda, wanda bai ba ka damar haƙa rami ko huda ƙasa ba. Akwai lasisin ƙananan masu haƙa, na shekara biyar, a filin da bai wuce murabba'in kilomita 3 ba. Wanda ya dace da mai son ɗiban babban samfur shi ne lasisin bincike, mai wa'adin shekara uku, wanda ake iya sabuntawa sau biyu, shekara bibbiyu, kuma shi ne ya halatta a haƙa, a ɗebi ƙasa mai yawa, a gwada sarrafa ta. Muka yi wa kamfani rajista mu bakwai: ni, Yaya, Kawu, 'yan'uwa uku, da wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi a Dawanau wanda ya ɗauki nauyin kashi mafi tsoka na kuɗin. Takardun da muka tara sun haɗa da shaidar rajistar kamfani, shaidar biyan haraji, bayanin banki da ke nuna muna da ƙarfin aikin, tsarin aikin da za mu yi, lambobin kusurwoyin filin, takardar amincewar masu gonaki, da takardun masanin duwatsu mai rajista da hukumar ƙwararrun fannin, wanda zai tsaya a matsayin ƙwararren kamfanin. Ta wannan sharaɗi na ƙarshe ne muka haɗu da mutumin da muke kira Injiniya, dattijo da ya yi aikin binciken lu'ulu'u a Gini da Saliyo kafin ya dawo gida.

Amincewar masu gonaki ta fi komai cin lokaci. Ana auna filin ma'adinai ne da ma'aunin da kowane ɗaya ya kai kusan hekta 20, saboda haka ko mafi ƙanƙantar fili ka nema sai ya haɗa da gonakin maƙwabta. Muka fara daga mai unguwa, ya kai mu wurin dagaci, dagaci ya tara masu gonaki 14 a ƙofar gidansa bayan sallar La'asar. Yaya ya durƙusa ya ce: "Ranka ya daɗe, ba gonar kowa muke nema ba, izini muke nema mu auna, kuma duk wanda aka taɓa masa shuka za a biya shi diyya." Wani tsoho ya tambaya ko me muke nema a ƙasan, Yaya ya ce ma'adini, tsohon ya ce ai kuza ma ma'adini ce, a faɗi suna. Da aka ambaci lu'ulu'u sai zaman ya watse, ya ɗauke mu wata biyu da zama huɗu kafin kowa ya dangwala hannu, sannan hakimi ya sa nasa. Sau biyu takardunmu suna dawowa, kuma duka biyun laifinmu ne. Na farko mun ɗauki lambobin kusurwa da wayar hannu, sai gefe ɗaya ya hau kan filin da wani ya riga mu nema, kuma ƙa'idar ofishin ita ce wanda ya fara zuwa shi ake fara ba wa. Na biyu, takardar amincewar ba ta da rantsuwar kotu. Tun ƙarshen 2022 ana shigar da buƙata ta intanet, wanda ya rage mana zirga-zirgar Abuja, amma sai da muka ɗauki wani matashi a Kano da ya iya aikin. Lasisi ya fito a ƙarshen 2023, muka kai kwafi ga jami'in ma'adinai na tarayya da ke Kano, muka sanar da shi ranar da za mu fara. Kuɗaɗen da muka biya ba za su amfani mai karatu ba, domin an sake farashin lasisi da kuɗin shekara a watan Yulin 2024, sai a nemi na yanzu.

Ranar da Injiniya ya fara zuwa gonar, a ƙarƙashin wata ɗorawa ya zaunar da mu, ya faɗi maganar da babu wanda ya so ji. Ya ce tun 1966 wani masani mai suna Kilifod ya lura cewa kimbalait mai lu'ulu'un da ya isa a haƙa yana fitowa ne a kan tsofaffin sassan ƙasa masu kauri da sanyi, waɗanda suka shekara fiye da biliyan biyu da rabi ba su motsa ba. Saliyo da Gini da Laberiya suna kan irin wannan sashe. Arewacin Najeriya kuwa yana gabas da shi, a kan yankin da aka sake dafawa da murɗewa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, kuma duwatsun Riruwai masu kuza ma sun fi haka ƙuruciya nesa ba kusa ba. Ya ƙara da cewa a cikin dubban kimbalait da aka gano a duniya, kusan ɗaya cikin ɗari ne kawai ya zama mahaƙa. Alhaji ya ce: "Injiniya, arziki ai na Allah ne." Injiniya ya ce haka ne, amma Allah ya ba mu hanyar tambaya mai araha kafin mai tsada, ya kuma jera mana su. A fara da maganaɗisu a san siffar dutsen, a wanke yashin rafi da ƙasar suri a nemi ƙananan ma'adinan da ke rakiyar kimbalait, a yanka dutsen a duba shi a madubin ƙara girma, a aika ƙwayoyin a auna sinadarinsu, a narkar da kilo 100 ko 200 a nemi ƙananan lu'ulu'u da ido ba ya gani. Idan duk waɗannan sun amsa da e, sai a zo kan babban samfur.

Mun bi ukun farko yadda ya ce, kuma ba su ci kuɗi sosai ba. Yara biyu suka yi kwana shida suna tafiya layi-layi da na'urar maganaɗisu, sakamakon ya nuna dutsen siriri ne miƙaƙƙe kamar katanga a binne, faɗinsa bai fi mita biyu ba, tsawonsa kimanin mita 400. Manyan mahaƙai irin su Orapa da Jwaneng na Botswana a kan dutse mai siffar karas suke, mai faɗin baki, amma Kawu ya tuna mana cewa a Tongo ta Saliyo irin wannan siririn ne kuma yana da lu'ulu'u, Injiniya ya ce gaskiya ne. Batun suri ya ba mutanen ƙauye dariya har sai da Injiniya ya ba su labarin Botswana, inda yashin Kalahari ya binne dutsen, gara kuwa garin neman danshi ta riƙa fito da ƙwayoyin ma'adinai daga zurfi, masu bincike suka bi sawunsu. Muka wanke samfur 30 da ƙwarya kamar masu kuza, muka sami baƙaƙen ƙwayoyin ilmanait da jajayen ganet, waɗanda ke cikin ma'adinan da ke rakiyar kimbalait. Ranar an yi murna a gidanmu har da yanka zakara. Injiniya bai ci naman da daɗin rai ba, ya ce jan ganet ya cika duwatsun ƙasar Hausa, wanda ake nema shi ne mai ja da ratsin shuni, mai sinadarin kurom da yawa, kuma ido kaɗai ba ya yanke hukunci. Ya ce koren ƙwayar nan mai kama da fasasshiyar kwalba, wadda ita ma 'yar rakiya ce, ko ɗaya bai gani ba. Dutsen da aka yanka a sashen nazarin duwatsu na wata jami'a ya dawo bayan mako uku da amsa mai harshen damo: ya ruɓe ƙwarai, yana iya zama kimbalait, yana iya zama wani danginsa da ake kira lamfurofaya, sai an auna sinadari.

A nan muka yi riga malam masallaci. Aika samfur waje yana buƙatar izinin fitarwa daga sashen sa ido kan haƙar ma'adinai na ma'aikatar, sannan ɗakin gwajin da ke Afirka ta Kudu da dala yake karɓar kuɗi, a daidai lokacin da dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Muka haɗa kilo 120 na dutse a robobi masu hatimi da ƙwayoyi 200 a ƙananan kwalabe, suka tafi a watan Fabrairu, aka ce mu sa rai da amsa bayan wata uku zuwa huɗu. Alhaji ya lissafa ya ga amsar za ta zo ne da damina, lokacin da rami zai cika da ruwa kuma masu gonaki za su shuka, wato sai a jira wata shekara. Ya ce a haƙa yanzu. Injiniya ya ce a jira. Aka kaɗa ƙuri'a, biyar suka bi Alhaji, kuma ina cikin biyar ɗin. Ina faɗin haka ne don kada a ɗauka wani ya ja mu. Ni da nake koyar da lissafi na fi kowa sanin abin da Injiniya ke nufi, amma na riga na fara gina gida a zuci. Injiniya ya yarda ya tsaya a kan aikin bisa sharaɗi guda, cewa za a yi shi bisa ƙa'ida ko da tan 60 ne kawai, kuma ya gargaɗe mu kada mu kira shi babban samfur, domin a wurin masu sana'ar wannan ɗan ƙarami ne.

Aka ɗauko katafila mai haƙa daga Kano a kan babbar mota, ta ratsa dajin Falgore ta iso da dare. Hayarta ta kwana biyar da man dizal, wanda lita ta riga ta haura naira 1,000, su ne kuɗi mafi girma da muka kashe a dunƙule. Injiniya ya sa aka haƙa ramuka uku a tsawon dutsen, gabas da tsakiya da yamma, ya ce kowanne a tara ƙasarsa daban, domin dutse ɗaya yana iya zama da arziki a wannan gefe ya zama fanko a wancan. An fara kwashe ƙasar noma an tara gefe guda, sannan marmara da tsakuwar sama, kuma ya hana a haɗa ko shebur ɗaya na dutsen gefe da samfurin, saboda duk abin da ya shiga zai ƙara nauyi ya rage lissafin. Ba mu da ma'aunin mota, sai muka ari sikelin hatsi na Alhaji, leburori 24 suna cika buhu kilo 50 suna ɗaurewa, ni kuma ina zaune da littafi ina rubuta lamba. Buhu 400 daga kowane rami, 1,200 ke nan. Daga kowane buhu na ashirin ana ɗiban kwano guda a auna, a shanya a kan kwanon rufi, a sake aunawa, domin nauyin busasshiyar ƙasa ake lissafi da shi ba na jiƙaƙƙiya ba. Wannan aiki ya ci kwana tara cikin zafin Maris da azumi a baki, muka koma fara aiki bayan Asuba a tashi kafin Azahar.

Wankin ne ainihin aikin, kuma a nan na fahimci dalilin da manyan kamfanoni ke kashe dukiya a kan injuna. Su suna da injin da ke cakuɗa tsakuwa da ruwa mai kauri, wanda aka dama da garin ƙarfe, ta yadda mai nauyi zai nutse marar nauyi ya taso, sannan su bi da na'urar da ke haska tsakuwar ta gane lu'ulu'u da ƙyallin da yake mayarwa. Mu kuwa injin kwaɓa kankare muka yi haya ya zama mai murje yumɓu, muka jawo ruwa daga rafi da injin ban ruwa zuwa tafkin da muka haƙa. Abin da ya fito ana tace shi a rariya biyu, ta sama mai ido milimita 12, ta ƙasa mai ido milimita 1. Wanda ya fi ƙarfin ta sama ana farfasa shi a hankali a mayar, wanda ya zube ta ƙasa an bar shi ke nan. Injiniya ya sa na rubuta girman idon rariyar a shafin farko na littafi, ya ce sakamakon da ba a faɗi idon rariyarsa ba ba shi da ma'ana, domin mai rariya ƙarama zai tara ƙananan duwatsu da yawa ya ce ƙasarsa ta fi arziki. Daga nan sai injin girgiza irin na masu kuza, wanda ke tara masu nauyi a ƙasa. Dabarar duka a kan nauyi take: lu'ulu'u ya ninka nauyin ruwa sau uku da rabi, farar ƙanƙara kuwa sau biyu da ɗan abin da ya haura rabi.

Wani abu da ban taɓa tunaninsa ba shi ne gwada injin kansa. Injiniya ya zo da ƙananan ƙwayoyin roba masu launi waɗanda aka yi su da nauyin lu'ulu'u daidai, ya jefa 20 a cikin ƙasar ramin farko ba tare da ya gaya wa leburori ba. Da aka gama, 13 suka fito. Ma'anarsa ita ce, da akwai lu'ulu'u 20 a ƙasar, da bakwai sun bi ruwa. Ya sa aka rage gudun ruwa da yawan abin da ake zubawa, aka sake wanke dukan tarin da muka zubar, aikin kwana huɗu ya tashi a banza, Alhaji yana ta kiran waya daga Dawanau. A zagaye na biyu 19 suka fito, ya ce yanzu a ci gaba. Duk wanda zai yi wannan aiki, ko da bai ɗauki komai daga labarina ba, ya ɗauki wannan, domin in ba ka gwada injinka ba, rashin samu ba ya gaya maka komai game da ƙasarka.

Tan 60 suka koma kimanin kilo 90 na baƙar tsakuwa mai nauyi. Kowace yamma ana zuba ta ranar a durom, a rufe da kwado biyu, mabuɗi ɗaya a hannun Yaya ɗaya a hannun wakilin Alhaji, a manna hatimi mai lamba, mu uku mu sa hannu. Da farko abin ya ɓata wa Kawu rai, ya ce ashe ba a yarda da juna ba. Injiniya ya ce masa: "Malam, ba tsoron a ɗauka kaɗai ake yi ba, har da tsoron a saka." Ya bayyana cewa an sha yaudarar masu zuba jari ta hanyar jefa lu'ulu'un wani wuri a cikin samfur, kuma babu kamfanin da zai karɓi sakamakon da ba a tsare shi haka ba. Muka bi tsakuwar a kan faranti mai gangara da aka shafe da giris ana kwarara ruwa, saboda lu'ulu'u ba ya jiƙa, yana manne wa maiƙo sauran su wuce. Sannan aka tsince ta da hannu a kan farin tebur, mutum biyu a zaune na uku yana kallo, kowa da riga marar aljihu. A rana ta uku wani yaro ya tsinto dutse garai-garai, girman ƙwayar masara, har hannunsa yana rawa. Kafin Magariba labari ya kai ƙauyuka uku. Injiniya ya ɗora masa na'urar gwaji mai auna yadda dutse ke ɗaukar zafi, ba ta yi ƙara ba. Tofaz ne, wanda nauyinsa ya yi daidai da na lu'ulu'u, shi ya sa yake biyo shi har tebur, amma taurinsa 8 ne a ma'aunin da lu'ulu'u ke da 10. Mun sami irinsa guda 11 da ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli na wani ma'adini da ake kira zakon, lu'ulu'u kuwa ko ɗaya.

Daren da aka rufe durom na ƙarshe na zauna da fitila na yi lissafin da ya kamata in yi tun a watan Fabrairu. Ana auna lu'ulu'u da karat, karat ɗaya kashi ɗaya cikin biyar na giram ne, ana kuma faɗin arzikin dutse da yawan karat a tan 100. Tan 100 ya fi lodin tirela uku na siminti. Mahaƙar Letseng da ke Lesotho ba ta samun karat biyu cikakku a tan 100, amma tana ci saboda duwatsunta manya ne masu tsada. Da dutsenmu irin na Letseng ne, abin da za mu sa rai a tan 60 bai fi karat ɗaya da ɗan ɗori ba, wanda zai iya zama dutse ɗaya, zai iya kuma faɗawa a tan na 61 da ba mu haƙa ba. Wato sifirin da muka samu bai tabbatar da babu ba, kuma da mun sami dutse ɗaya ma da bai tabbatar da akwai riba ba. Masu sana'ar suna ɗiban babban samfur ne don amsa tambayoyi biyu, karat nawa ne a tan 100, kuma nawa karat ɗaya zai yi a kasuwa irin ta Antwaf a Beljiyam. Tambaya ta biyu tana buƙatar tarin duwatsu na karat dubbai kafin masu kima su yarda da matsakaicin farashi, saboda 'yan manyan duwatsu kaɗan ne ke ɗauke da yawancin darajar. A dutse mai karat 20 a tan 100, tara karat 2,000 yana nufin wanke tan 10,000. Mu kuwa tambayar da ke gabanmu ita ce ko dutsen ma kimbalait ne, kuma wannan tambaya gutsuren da ya cika aljihu yana amsa ta.

Amsar Afirka ta Kudu ta zo a watan Yuni, shafi tara, Injiniya ya karanta mana a zauren Yaya ana yayyafi. Ganet ɗinmu na gama-gari ne mai ƙarfe da yawa, irin na duwatsun yankin. Ilmanait ɗin ba shi da yawan magniziyam da ake samu a na kimbalait. An narkar da kilo 120 a cikin soda mai zafi, wadda ke cinye dutse ta bar lu'ulu'u, an tace, ba a sami ko ƙwaya ɗaya ba. Dutsen lamfurofaya ne. Kuɗin wannan gwaji duka, har da jirgi da izinin fitarwa, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da muka zuba a ramuka ba, kuma da mun jira wata huɗu da shi kaɗai za mu yi asara. Alhaji ya yi salati, ya ce: "Injiniya, ka faɗa." Injiniya ya ce ai shi ma ya so a ce ya yi kuskure. Kawu bai ce komai ba, ya tashi ya fita, kuma na fi jin tausayinsa a kan kowa, domin shi abin da idonsa ya gani ya faɗa, mu ne muka ɗora masa katafila.

Ga wanda zai bi wannan hanya, shawarata ita ce ya nemi masanin duwatsu mai rajista kafin ya nemi lauya ko mai kuɗi, ya tambaye shi tun ranar farko a kan wane irin sashen ƙasa gonarsa take. Hukumar binciken ƙasa ta Najeriya tana da taswirar maganaɗisu da aka ɗauka ta jirgin sama, ana iya sayen ta yankinka kafin a taka gona. Ya rubuta yarjejeniya da abokan tarayya cewa ba za a tsallake mataki ba sai sakamakon na baya ya zo a rubuce, domin ranar da damina ta matso kuma kuɗi na hannu, ƙuri'a ba ta bin mai gaskiya. Ya ware kuɗin cike rami da diyya tun kafin a fara, mu ba mu ware ba, sai da Yaya ya sayar da shanun huɗa biyu. Kuma ya sani lasisi yana da kuɗin shekara da rahoton aiki da ake bin mai shi ko ya samu ko bai samu ba, saboda haka in aiki ya ƙare a rubuta takardar mayar da shi, kada a bar shi yana tara bashi.

Mun mayar da namu a ƙarshen 2024, tare da kwafin rahoton Injiniya da na ɗakin gwajin, don duk wanda ya nemi filin bayanmu ya tarar da amsar. Ramukan uku mun cike su da baro da kwanon sarki, saboda babu kuɗin sake ɗauko katafila, muka mayar da ƙasar noma a sama kamar yadda aka tsara. Masarar da aka shuka a kan ramin tsakiya ba ta yi kyau ba a daminar farko, ta biyu ta ɗan farfaɗo bayan an zuba taki. Rijiyar kuma an sake haƙa ta taku 40 arewa da ta farko, inda na'urar maganaɗisu ta nuna dutsen bai kai ba, aka sami ruwa a gaba ta shida.